Saja-Manjo Ukasha Maliki, Sojan da Ya Koma Aji

Haihuwa da karatu

An haifi marigayi Ukasha Maliki a shekarar 1963 a unguwar Yelwa ta garin Jalingo. Mahaifinsa, Malam Maliki, mutumin Zariya ne da sana'ar ɗinki ta kawo shi ƙasar Muri, mahaifiyarsa Hajara kuwa Bafulatana ce daga Lau. Ya shiga firamare a 1970, ya wuce kwalejin horar da malamai a 1977, kuma bayan kammalawa ya koyar na tsawon shekara biyu a cikin gari.

Aikin soja da iyali

A shekarar 1984 ya shiga soja ba tare da ya shawarci kowa ba, mahaifinsa bai sani ba sai da ya gan shi cikin kaki a ƙofar gida. Ya auri Fiddausi Sirajuddeen a 1988. An tura shi Laberiya a 1990, sannan Saliyo a 1998, inda fashewar bam ta kashe masa kunnen hagu. Ya yi ritaya a 2011 da muƙamin Saja-Manjo.

Komawa koyarwa

A farkon 2012 ta'aziyya ta kai shi Wuro Bappa, wani ƙauye a tsallaken Binuwai. A nan ya tarar da makarantar firamare cike da yara, amma tun daminar bara babu malamin da ya taka ta, aji guda ma awaki aka ɗaure a ciki. Ya sa mafi girman ɗaliban ya rubuta sunansa a ƙasa, yaron ya kasa. Bai gama jimamin wannan ba, sai ya haɗu da Kofur David, wanda suka yi yaƙin Saliyo tare, yana dako a wata tasha a unguwar Mayo Gwoi ta Jalingo.

A watan Yuni na shekarar ya kafa ƙungiyar tsofaffin sojoji masu koyarwa. Shi yake bin su gida-gida, ya shigar da su karatun neman shaidar malanta na ƙarshen mako, ya nema musu izinin hukumar ilimi, sannan ya raka kowane zuwa ƙauyen da malamai suka guje wa. David na cikin rukunin farko, kuma Wuro Bappa aka ba shi.

Abin da ya faru a 2016

A watan Disamba na 2016 wani lamari ya auku wanda ya girgiza yankin baki ɗaya. Wasu samari suka fasa abin wasan wuta na Kirsimeti a bayan aji. Da jin ƙarar David ya ɗauka harbi ne, ya umarci ɗalibansa su kwanta a ƙasa, ya kulle ƙofa, ya tsaya a bayanta da ƙafar benci a hannu, kuma daga hantsi har bayan azahar bai buɗe wa kowa ba. Maigari da kansa ya yi magana, David bai gane muryarsa ba. Iyaye sun fara neman gatarin fasa ƙofar lokacin da aka ɗauko marigayin a babur daga makarantar da yake koyarwa. Ya tsaya a taga ya ce, "Kofur David, Saja-Manjo ne. An gama yaƙi, buɗe ƙofa."

David ya ce, "Oga, yaran duka suna da rai?"

"Duk suna da rai. Ka yi aikinka."

Yaran sun fito babu wanda ya ji ciwo, amma iyaye suka janye 'ya'yansu, hukuma kuma ta dakatar da ƙungiyar. Marigayin ya kai David asibiti, ya mayar da ganin likita sharaɗi ga duk wanda zai shiga aji, sannan ya tare a Wuro Bappa, yana buɗe makarantar kullum ko da yara uku ne suka zo. Sai bayan zango biyu aji ya sake cika, aka ɗage dakatarwar a 2017. David bai sake koyarwa ba. Gonar makarantar yake kula da ita har yau.

Rasuwa

A safiyar Litinin, 19 ga Satumba, 2022, lokacin da kogi ya cika ya batse, marigayin ya shiga kwalekwale domin raka Malama Cecilia, tsohuwar ma'aikaciyar jinya ta soja, zuwa makarantar da aka tura ta. Kusa da gaɓa kwalekwalen ya kife, a gaban ɗalibai da iyayen da suka fito tarbarsu. Ya fitar da Malama Cecilia, ya koma domin matuƙin. Matuƙin ya kama reshe ya tsira, shi kuwa bai sake ɓullowa ba. Da labari ya iso Yelwa, iyalinsa sun ƙi yarda, domin kowa ya san shi gwanin iyo ne.

Masunta sun gano gawarsa ranar Laraba. An yi masa sallah bayan la'asar, aka binne shi a Jalingo. Ya rasu yana da shekara hamsin da tara, ya bar matarsa Fiddausi da 'ya'ya huɗu: Abdulmuttalib, Khairiyya, Imrana da Hajara. Allah Ya jiƙansa.