Na Ce Masa Muryarsa Ba Za Ta Ƙetare Iyaka Ba

Ni ne mai laifi, kuma ba ni da hanzarin da zan kawo. Kafin Turawa su bar ƙasar nan ina saurayi a Jibiya, na ɗan taɓa elemantare, ina jin kaina ya fi na kowa. Sai ma'aikatan gidan rediyo suka zo ɗaukar waƙoƙin bakin iyaka, suka ɗauke ni ɗan rakiya. Burina su tafi da ni birni.

Na kai su wurin wani mai kukuma, mutumin tsallaken iyaka inda Faransa ke mulki, wanda ya gudo tun zamanin aikin dole, ya bar mahaifiyarsa da ƙanensa a can. Yana da wata waƙa da yake zambo ga sarkin kantonsu, wato gundumarsu, ba ya yin ta sai cikin amintattu. Ita na nace ya yi. Ya dubi na'urar ɗaukar muryar, ya ce da ni ɗan boko, wannan akwati ba ya tsegumi kuwa? Ya tambaya ko 'yan duwan, wato kwastan na can, suna barin murya ta wuce. Na rantse masa cewa rediyon Ingilishi a iyaka yake tsayawa. Na san ƙarya nake yi. Ya yi waƙar, har da sunan garinsu.

Bayan an sa ta a rediyo, fatake suka dawo daga Maradi suna cewa an ji ta a shagon wani attajiri, har yara sun ɗauka. Sarkin ya sa dogarai suka kama ƙanen, aka ƙwace gonarsu, aka ce in mawaƙin ya taka ƙasar sai gidan yari. Ana cikin haka aka aiko tsohuwarsa tana kwance, tana kiran sunansa.

Hankalina ya tashi. Na bi mota har birni, na roƙi ma'aikatan su janye waƙar. Ɗayansu ya yi dariya, ya ce ko zan kamo masa iskar da ta riga ta wuce. Na roƙi fatake su ɓoye shi cikin ayari, kowa ya ce yana da iyali. Na ce zan je in faɗa wa sarkin ni ne na yaudare shi, amma da na hango bariki sai na juyo gida. Tsohuwar ta rasu bai gan ta ba.

Duk wanda aka ba shi amanar muryar wani, ya faɗa masa gaskiyar inda za ta kai. Mai ɗauka gida yake komawa, mai muryar ne ke zama da abin da ya biyo baya.

Na daɗe ina sauya hanya don kada mu haɗu da mawaƙin. Ranar da na iya tunkararsa, na same shi yana saƙar igiya, don ya bar kiɗa. Na durƙusa na ce Baba, ba kuskure ba ne, na sani na yi maka ƙarya don in samu aiki, ni na hana ka ganin Inna, ka yafe mini don Allah.