Faston da Ya Tambayi Maigidana Sau Ɗaya

Ko da zan manta ranar aurena, ba zan manta wata Lahadi ta tsakiyar damina ba, ranar da aka zo naɗa dattijon ikkilisiya a ƙauyenmu. Shekaru sun ja, jikokina ma sun fara fin ni tsayi, amma har yau in na tuna sai in ji zuciyata tana tafasa kamar jiya aka yi abin. Masu cewa fushi yana sanyi da tsufa ba su gamu da irin nawa ba.

Ƙauyenmu yana cikin ƙasar Tudun Wada, sai ka sauka daga titin Doguwa ka yi tafiyar kusan awa guda a babur. Mu Hausawa ne, iyayenmu Maguzawa, mu kuma muka karɓi addinin Kirista. Maƙwabtanmu Musulmi ne, rijiya ɗaya muke sha, kasuwa ɗaya muke ci. Ba mu da fasto namu. Abin da muke da shi shi ne maigidana. Shi ya fara tara mutane a zauren gidanmu, mu bakwai har da ni da goyo a baya. Shi ya buga tubalin majami'a da hannunsa, shi ya rataye tsohon ƙarfen tayar mota a jikin ɗorawa yana bugawa duk Lahadi. In yaro ya yi zazzaɓi shi ake kira. In miji da mata suka yi faɗa, a zaurenmu ake sasanta su. In shanu suka shiga gonar ɗan ikkilisiya, shi ke zuwa ruga ya zauna da ardo har a rabu ana dariya. Shekara goma sha ɗaya yana wannan, muka kai mutum sittin, ba wanda ya naɗa shi, ba kuma wanda ya taɓa tambayar wa ya sa shi.

Sai saƙo ya zo cewa manyanmu sun turo wani fasto ya zagaya ƙananan ikkilisiyoyi irin namu, ya naɗa wa kowace dattijo, wanda zai riƙe makulli, ya yi wa'azi, ya tsaya a kan biki da jana'iza. Kowa ya san wa za a naɗa. Mata har sun fara tsokanata a rijiya suna ce mini uwar ikkilisiya, ni kuwa ina harararsu ina jin daɗi a ciki. Na goge wa maigida sabuwar farar rigarsa, na sa aka yanka babban zakarana saboda baƙo, muka tashi da azumi kamar yadda aka umarce mu.

Faston ya iso da hantsi a bayan babur, wandonsa duk taɓo. Mutumin wajen Jos ne, Hausarsa garau, ba za ka ce ba a nan aka haife shi ba. Wannan ne ma ya yaudare mu. Ya ce ya faro daga wajen Bebeji, ya biyo ta Kiru, kuma dole ya tsallake rafi zuwa wani ƙauye a ƙasar Doguwa kafin ruwan yamma ya sauko. Ƙauye bakwai a kwana huɗu. Ya yi mana wa'azi mai daɗi, ba zan yi masa ƙarya ba. Ya ce manzanni na farko haka suke yi, su shiga gari su yi shelar bishara, in za su wuce su zaɓi dattawa, su yi addu'a da azumi, su ɗora musu hannu, su bar garken a hannunsu. Yana magana yana duba agogo. Tun daga nan ya kamata in ji tsoro.

Da ya gama ya ce, "Wa ke jagorantarku a nan?"

Duk majami'a ta juya ta kalli maigidana. Faston ya kira shi gaba, ya ce, "Ɗan'uwa, za ka karɓi wannan aiki?"

Bari in tsaya in yi bayani, don a nan gizo ke saƙar. A wurinmu mutumin kirki ba ya cewa "to" a karon farko in an miƙa masa girma. Ko tuwo ka kawo wa baƙo sai ya ce ya ƙoshi, kai kuma ka san ƙarya yake, ka matsa masa. Lokacin da za a ba kakana sarkin noma, sai da aka bi shi gida sau uku. A karo na farko mutum zai ce bai isa ba. A na biyu ya ce a duba wani. A na uku ne zai ce tunda kun matsa, Allah ya taya shi riƙo. Wanda ya karɓa da wuri, an san mai kwaɗayi ne. Kowane yaro a ƙauyenmu ya san wannan.

Saboda haka maigidana ya sunkuyar da kai, ya haɗa hannuwa, ya ce, "Ranka ya daɗe, ni wane ne? Ban isa ba. Akwai waɗanda suka fi ni."

Na yi murmushi daga ɓangaren mata, ina jiran tambaya ta biyu. Tsofaffinmu uku da ke bencin gaba suka gyara zama, suna jiran baƙo ya gama magana su tashi su matsa masa, don ba a katse babban baƙo. Sai kawai na ga faston ya dafa kafaɗar maigidana ya ce, "Na gode da gaskiyarka. Allah ba ya tilasta wa kowa. Koma ka zauna." Ya juya ga jama'a ya ce, "To, wa zai karɓa?"

Majami'a ta yi tsit. Ina jin kukan awaki a waje. Tsofaffin nan suka kalli juna, kowa na jiran ɗan'uwansa ya fara. Maigidana yana tsaye kamar an dasa shi, sannan ya ja ƙafa ya koma benci. Kafin wani ya yi gyaran murya, sai hannu ya ɗaga daga tsakiya. Ɗan ƙanen baban maigida ne, wanda ya yi shekara shida a birni yana tsaron shago, ya dawo da takalmi sau ciki da Turanci guntu-guntu. Bai taɓa ɗaukar tubali ɗaya na ginin nan ba.

Ya ce, "Ga ni, Fasto. Tunda Yaya ya ƙi."

Tunda Yaya ya ƙi! Shi ɗan ƙauyen nan ne, ya san sarai Yaya bai ƙi ba. Baƙo makaho ne ko da yana da ido, wannan na yarda. Amma shi da idonsa biyu a buɗe ya yi. Cikin abin da bai kai a dafa shayi ba, an durƙusar da shi, an ɗora masa hannu, an yi addu'a. Kuma da aka ce a ce amin, muka ce amin. Ni ma na ce. Wannan amin ɗin har yau tana maƙale a wuyana.

Bayan sujada ni na kai wa faston abinci a zaurenmu, tuwon masara da zakaran nan nawa. Daga ni sai shi. Na durƙusa na ajiye kwano, bakina cike da magana. Da na ce masa, "Fasto, a nan sau uku ake tambaya," da shi ke nan. Amma mace ba ta roƙa wa mijinta girma, haka aka rene ni. Sai na ce, "Sannu da aiki," ya ce, "Yauwa, Mama, Allah ya yi albarka," ya cinye cinya biyu, ya hau babur ya tafi. Na tsaya a ƙofar gida ina kallon bayansa, ina jin kamar in jefe shi da murfin tukunya.

Da na koma ciki na sauke fushin a kan wanda bai kamata ba. Na ce, "Maigida, yau ka kyauta. Shekara goma sha ɗaya ka miƙa wa wani a faranti."

Ya ce, "To me kike so in ce? In ce kawo, kamar mai karɓar rabon nama?"

Na ce, "Da ka ce! Ai kunyar mara kunya asara ce."

Ya cire farar rigar, ya ninke ta ya sa a akwati, ya ce, "An ɗora hannu, an ce amin. Kada in ƙara jin maganar nan a bakinki." Ya ɗauki fartanya ya nufi gona, ranar Lahadi, abin da bai taɓa yi ba.

Washegari mai unguwarmu, Musulmi ne kuma abokin maigida tun suna kiwon awaki, ya zo ya zauna a zaure yana girgiza kai. Ya ce, "Mu ko liman za mu tsayar sai mun yi ta roƙo. Ku kuma ina dattawanku suke?" Dattawanmu suna nan. Ɗaya bayan ɗaya suka riƙa lallaɓowa suna ba maigida haƙuri, kowa na cewa shi ya ɗauka wane ne zai tashi. Ihu bayan hari ke nan. Ban ba ko ɗayansu ruwa ba, kuma ban yi nadama ba.

Sabon dattijo abin da ya fara yi shi ne canza kwaɗon ƙofar majami'a. Sannan ya sanar cewa ba mai tsayawa a gaba sai wanda aka naɗa. Maigidana ya koma bencin baya, kusa da ƙofa. Da rani ya yi, dattijon ya koma birni neman kuɗi da makulli a aljihunsa, muka koma yin sujada a gindin ɗorawa muna kallon ginin da muka gina a kulle. Na ce a fasa kwaɗon, maigida ya hana. Mutane suka fara zamewa, wasu suka koma wata ikkilisiya mai nisa, wasu suka zauna a gida.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne jana'izar wata tsohuwa, ɗaya daga cikin mu bakwai na farko. Maigida ne ya yi jinyarta da addu'a, shi ya sa aka haƙa kabari, har da gatarinsa. An kawo ta, ya buɗe baki zai yi addu'a, sai ga babur. Dattijon ya sauko yana kaɗe riga, ya ce, "Yaya, ɗan ja baya, wannan aikina ne." A gaban Musulmi da Kirista. Kuma maigidana ya ja baya. Ranar na yi kuka, mutane suka ɗauka tsohuwar nake yi wa.

Shekara huɗu muka yi a haka kafin faston nan ya sake zagayowa. Ya tarar da mu goma sha uku a gindin bishiya, majami'a a kulle, dattijon da ya naɗa ya yi wata takwas ba a gan shi ba. Ya zauna a kan saiwa. Sannan ya tambayi wanda ke riƙe da waɗanda suka rage, aka sake kallon maigidana. Ya kira shi, ya ce, "Ɗan'uwa, wancan karon ka ƙi. Yanzu fa?"

Wallahi sai mutumin nan ya sunkuyar da kai, ya haɗa hannuwa, ya fara, "Ranka ya daɗe, ni wane ne..."

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce, "Fasto, ka sake tambayarsa!"

Kowa ya juyo. Maigida ya zaro mini ido, ban kula shi ba. Na ce, "A garin nan sau uku ake tambayar mutum. Na farko ya ce bai isa ba, na biyu ya ce a duba wani, na uku ya karɓa. Kai sau ɗaya ka tambaya ka duba agogo. Ga abin da agogonka ya bar mana." Na nuna masa kwaɗon da ya yi tsatsa.

Faston ya kalli tsofaffin, biyu ne suka rage. Ya ce, "Baba, haka ne?" Ɗaya ya ce haka ne. Faston ya ce, "Wancan karon ma?" Tsohon ya ce har wancan karon. Faston ya riƙe kai ya ce, "Mutum sittin, ba wanda zai gaya mini?" Ya cire agogon ya sa a aljihu. Ya tambayi maigidana karo na biyu, maigida ya ce a duba wani. Ya tambaye shi karo na uku. Maigida ya ce, "Tunda kun matsa, Allah ya taya ni riƙo." Ranar nan faston da kansa ya ɗauki dutse ya fasa kwaɗon, kuma kwana biyu ya yi a ƙauyenmu.

A hanyar gida maigida ya ce mini, "Kin kunyata ni a gaban mutane."

Na ce, "Na kunyata ka. Laifina ɗaya, da na bari sai yau."

Wata goma sha ɗaya ya yi yana riƙe da sabon makulli. Ya yi damina guda, ya ga mutane sun fara dawowa, sannan ciwon ƙirji ya kwantar da shi, bai tashi ba. A farar rigar nan muka binne shi, sau biyu kawai ya taɓa sa ta, ranar zuwan faston na farko da ranar da aka ɗora masa hannu.

Na yafe wa faston, bai sani ba. Ɗan'uwan maigida kuwa na bar shi da Allah. Wadda na kasa yafe wa ita ce matar da ta durƙusa da kwanon tuwo a hannu, gaskiya na bakinta, ta ce sannu da aiki. Abin da na koya shi ne kunya ado ce, amma in ka ga ana shirin ɗora hannu a kan da bai dace ba, ka buɗe baki kafin a ce amin. Shirun da na yi na minti ɗaya ya ci wa mijina shekara huɗu, kuma ashe shekarun ba su da yawa a gabansa.