Reshen La'asar

Shekara ashirin da shida muka yi a ofis ɗaya da Malam Hamajoɗa, ɗakin masu buga takardu na wata ma'aikata a Jimeta, teburina na kallon nasa. Ni ce Edna, 'yar Numan, mai bakin da ba ya hutawa. Shi kuwa Bafulatanin Yola ne, in ya yi magana uku kafin azahar to ranar an sha hira. Da tafireta muka fara, muka ƙare da kwamfuta, kuma ban taɓa ganin takarda ta bar hannunsa da kuskure ba. Ko babban sakatare ne ya rubuta kalma ba daidai ba, sai ya gyara a natse, bai gaya wa kowa ba. Wannan hali nasa ya sha ba ni haushi, tun ina da ƙarfin jin haushi.

Da ya yi ritaya bai koma gidansu ba. Matarsa ta daɗe da rasuwa, 'ya'yansa mata duk suna gidajen aure, sai ya kama hayar ciki da falo a Sangere kusa da jami'a, ya ajiye kwamfuta da firinta, yana buga wa ɗalibai aikin kammala karatu. Da wannan yake ci, domin fansho sai ta ga dama take leƙowa. Yaran yanzu ba sa kawo takarda a hannu, ta waya suke turowa, saboda haka ya ɗaure ya sa intanet na gida. Kamfanin ya kafa masa ɗan farin faranti a kan sanda bisa kwano, yana fuskantar dogon ƙarfen sabis ɗinsu da ke Jimeta, waya ta sauko zuwa wani akwati mai ƙifta fitilu. Yarjejeniyar shekara biyu ce. Sai da ya karance ta tas, har ya nuna musu waƙafi biyu da suka zauna inda ba a gayyace su ba, sannan ya sa hannu.

Wata tara da yin haka ƙanensa Bobboyi ya rasu. Shi ne ke zaune da mahaifiyarsu, Dada Kaltume, a tsohon gidansu na Wuro Hausa. Dada ta haura tamanin, ido ya rufe, kunne ya yi nauyi. Babu wanda ya ce wa Hamajoɗa ya dawo gida, shi ma bai tsaya shawara da kowa ba. Ya sanar da mai gidan haya, ya fara ɗaure kaya, sannan ya kira ni.

"Adda Edna, ki raka ni ofishin masu intanet."

Na san dalili. Shi bai iya ɗaga murya ba, ni kuwa sana'ata ce ta biyu.

Yarinyar da ke kan tebur, Debbie, ta yi mana bayani da muryar wadda ta faɗi abu ɗaya sau ɗari tun safe. "Baba, in sabis ba ya kai sabon gidan, za mu rufe kyauta. In yana kai, za mu matsar maka. In yana kai kuma kai ne ka ce ba ka so, sai ka biya sauran watanni, ka dawo da kayanmu."

Shi matsarwa yake so. Babu ɗalibin da zai ƙetare gada daga Sangere har cikin Yola don buga takarda, amma in akwai intanet, ko a ina yake aiki zai same shi. Ya gwada datar waya a gidan nasu, bangon ƙasa mai kauri ya shanye ta, shafi ɗaya sai ka gama shan shayi bai tafi ba. In babu farantin nan, babu sana'a.

Sau uku muka koma ofishin kafin a turo mai dubawa. Yau mota ta lalace, gobe mai tsani ya tafi biki. Gwiwoyina suka fara zagina tun daga matakalar farko. Ranar huɗu wani saurayi mai suna Othniel ya zo Wuro Hausa, ya hau rufin, ya juya farantin nan, ya juya, yana duba wata 'yar na'ura a hannunsa. Can ya leƙo.

"Baba, sabis yana nan fa, mai kyau ma. Wannan itace ne ya tare. Ba duka ba, reshe ɗaya, wannan babba na yamma. A sare shi, magana ya ƙare."

Tsamiya ce a tsakar gidan, mahaifin Hamajoɗa ya dasa ta. A ƙarƙashinta Dada take wuni bisa tabarma, ƙafafu a miƙe. Muna tsaye muna ɗaga kai sama, sai rana ta ratso ta ƙasan reshen nan ta sauka a kan yatsun ƙafarta. Tsohuwa ta motsa su, ta ce da Fulatanci, "La'asar ta yi. A ba ni buta." Ba ta rufe baki ba ladan ya ɗaga murya a masallacin unguwa. Shekara biyar rabonta da jin kiran salla, in ji Hamajoɗa, kuma ba ta taɓa makara ba.

Ni na fahimci inda aka dosa tun kafin shi. Na ja Othniel gefe na ce, "Ɗana, rubuta sabis ba ya kaiwa, kowa ya huta." Yaron kirki ne, har ya cire murfin biro.

"Yana kaiwa," in ji Hamajoɗa daga bayanmu. "Kada ka rubuta abin da ba haka ba."

Wallahi da ba a gaban uwarsa muke ba, da na ƙwala masa jakata. Na ce da shi gaskiyar da za ta kwana da kai da yunwa wace irin gaskiya ce? Ya je ya ɗauko buta.

Mako guda ya yi yana kai da komo, rana zafi inuwa ƙuna. Kada a ɗauka waliyyi ne, har mai injin yanka itace ya kira, suka yi ciniki. Shi da kansa ya ba ni labari daga baya. Mutumin ya zo da safe ya jingina tsani a jikin tsamiya. Dada ta fito tana lalube kamar kullum, hannunta ya faɗa kan tsanin. Ta shafa shi sama da ƙasa, ta ce, "Hamma, itacen girki ne ya ƙare? Ka ɗiba ta gabas. Na yamma nawa ne."

Ya biya mai inji kuɗin motarsa ya sallame shi.

Ranar da muka mayar da kayan, shi ya rungumi farantin, ni na riƙe akwatin a leda. Mun yi awa biyu a kan benci. Na yi faɗan da na saba, na ce a kira manaja, manaja ya fito ya ba mu haƙuri da ruwan sanyi, bai rage ko sisi ba. Ban ma ga laifinsu sosai ba, na dai gaji. Hamajoɗa ya biya da kuɗin firintarsa da ya sayar.

Saura cike fom. Debbie ta ce, "Dalilin rufewa?"

Ya ce, "Mahaifiyata tana zama a ƙarƙashin itacen."

Ta ɗago ta dube shi, a karo na farko. "Baba, yi haƙuri, kwamfuta ba ya karɓan wannan. Uku ne kawai: ya bar jiha, sabis ba kyau, ko ba ya so."

"Ban bar jiha ba. Sabis kuma yana da kyau."

Ta danna na uku, ta buga takardar, ta miƙo masa. Ya gyara tabarau. Na ga idonsa ya tsaya a kan layin nan, na ga biron ya matsa kusa kamar yadda na gan shi yana yi shekara ashirin da shida. Ya daɗe a haka. Sannan ya sauko ƙasa ya sa hannu, ya bar layin yadda yake. Na juya fuskata wajen taga, don ban so ya ga idona.

A cikin keke wayarsa ta yi ƙara. Wata ɗaliba ce, tana da babi biyar, ana so ranar Litinin. Ya ce ta kai shagon Sammy da ke bakin ƙofar jami'a, yaron ya iya aiki, ta dai sake duba waƙafinsa. Ya kashe wayar ya sa a aljihu. Muka wuce mahaɗar da zan sauka, ban ce a tsaya ba.

Ya leƙa waje ya dubi rana, sannan ya taɓa kafaɗar mai keke.

"Ɗan taka kaɗan, malam. Babu wanda zai miƙa mata buta."