Yadda Audu Giris Ya Koma Audu Ruwa

Bana shekara ashirin da biyu ke nan da muka kai taubashina Audu makwancinsa a maƙabartar ƙauyenmu, can bayan Utai. Ɗan kawuna ne, ni ɗan gwaggonsa, don haka tun muna yawo ba wando nake ce masa bawana, shi ma yake ce mini haka, kuma har ya koma ga Allah ba mu daidaita kan wane ne ubangidan wani ba. Dattawan Wudil sun san shi da suna biyu. Da farko Audu Giris ake ce masa, don ko ranar Sallah ka ba shi hannu sai ka nemi tsumma. Daga baya ya koma Audu Ruwa. Labarin suna na biyun ne na daɗe ina riƙe da shi a ciki, yau kuma nake so in sauke.

Garejinsa gindin wata tsamiya ne a bakin titi, kafin a hau gada. Babu allo, babu rumfa, sai benci da akwatin sifanu da rabin duro na wanke kayan inji. In aka kawo masa mota ba ya saurin kwance komai. Sai ya sa a tayar, ya ɗora tsinin doguwar sukundireba a jikin injin, ya manna kunnensa a ƙotar, ya lumshe ido kamar mai sauraron wa'azi. Ni kuwa, da yake malamin firamare ne ni a lokacin, in na taso daga makaranta nakan zauna a bencin ina ce masa ya tambaye ta ko ta ci abinci. Yakan ce ta fi ni hankali, domin ita ba ta magana sai da dalili.

Yana da gingimari guda tasa ta kansa, tsohuwa tukuf, da ya saya a matsayin gawa ya tayar da ita. Dattijuwa yake ce mata. Da ita yake ɗaukar hatsi da dabbobi ranar kasuwar Juma'a, da ita yake ci da iyalinsa, don gyara a lokacin rabinsa na Allah-ya-saka ne. Bai taɓa zuba mata man dizal, wanda mu gas muke ce masa, ba tare da ya tace shi da farin ƙyalle ba. Kullum safiya sai ya kwance ɗan notin ƙasan filta ya ɗiga a tafin hannu, ya duba ko akwai ruwa. Duk wanda ya san Audu ya san wannan, shi ya sa abin da ya faru daga baya ya ba mutane mamaki.

Wani lokaci in na bi ta bakin gadar nan yanzu, na ga yadda gari ya cika ya batse, ga ɗaliban jami'a, ga keke mai ƙafa uku kamar fari, nakan tambayi kaina me Audu zai ce. Tsamiyar dai an sare, shagon sayar da waya ne a wurin. Na tabbata da zai so injinan ban-ruwan nan masu aiki da hasken rana, ya yi ta zagaya su yana neman inda zai manna kunne. Abin da ba zai yafe ba shi ne makaniken da ba ya gyara, sai dai ya cire ya jefar ya ce a sayo sabo. Wannan halin tun zamaninsa ya fara, kuma tun a lokacin yake tsaki a kai.

Zamanin da nake nufi shi ne na shekarun da kuɗin man fetur suka fara malalowa har ƙauye. Samari sun tafi birni aikin gini, kowa ya dawo da rediyo da agogo. An daina jin kunyar cewa tsohon abu ya gaji. A cikin wannan zumuɗin ne Audu, duk da hankalinsa, ya kamu da son wata tarakta, tantan kamar yadda muke faɗa, da ya gani ana sayarwa ta hannu a Kano. Ya ce injinta da na Dattijuwa 'yan gida ɗaya ne, ya san shi ciki da bai. Ya dawo ya hure wa magidantan unguwarmu kunne cewa su sayar da shanun huɗarsu a haɗa a saye ta, abin da sa biyu za su yi mako suna yi ita za ta gama kafin azahar.

Babu wanda zai motsa sai Kawu Isa ya motsa, wato mahaifin Audu, domin shi ne babba a unguwar. Kawu kuwa shanunsa biyu su ne abokan hirarsa. Kafin ya karya kumallo sai ya ja ruwa a rijiya ya shayar da su, ya shafa musu wuya, ya cire musu kaska. Ga kuma wata matsala: Audu ɗan fari ne. Kawu bai taɓa kiran sunansa ba, bai taɓa zama sun yi hira ido da ido ba. In yana da magana ni yake kira, ko da Audu na tsaye a wurin, ya ce, "Gaya wa taubashinka kaza." Haka na yi ta kai gwauro ina kai mari tsakaninsu har Kawu ya ce to. Da ya yarda, saura duk suka bi. Audu da kansa ya loda shanun unguwar a Dattijuwa ya kai su kara, kasuwar shanu. Ranar Kawu bai fito zaure ba.

Tantan ta iso da bazara, yara na bin ta da gudu. Aka ajiye ta a ƙofar gidan Kawu, daidai inda turken shanun yake a da. Ruwan farko ya sauka, na biyu ya biyo, ƙasa ta jiƙu, aka tsara yadda za a bi gonaki gida-gida. Ta yi gona uku lafiya. A ta huɗu, tsakiyar kunya, ta yi tari, ta fitar da farin hayaƙi, ta mutu.

Ina wurin lokacin da Audu ya kwance filta. Abin da ya zubo a tafinsa ruwa ne zalla. Ya zuƙe tankin a bokiti, gas na sama, ruwa na ƙasa, mai yawan da ba za a ce raɓa ce ko kuskuren mai sayarwa ba. Ruwan ya riga ya shiga famfon da ke tura mai cikin injin ya lalata shi, kuma irin wannan famfon ba a gyara shi a gindin tsamiya. Ya tafi Kano ya zagaye 'yan kayan gyara, kowa ya ce babu, kaya na can jibge a bakin teku, sai dai a jira. Damina kuwa ba ta jira. Unguwa guda babu sa ko ɗaya, maƙwabta kowa na fama da tasa gonar, ciyawa ta fara rufe ƙasa.

Nan fa rai ya ɓaci. Maganar da ke bakin kowa ita ce wa ya zuba ruwa a tanki. Wasu suka ce hassada ce daga wata unguwa. Wasu suka fara kallon gidan da ba ya shiri da nasu. Har aka fara cewa a kai magana gaban dagaci, a sa kowa ya rantse.

Mu biyu mun riga mun sani. Tun washegarin ranar da ta mutu muka jawo ta gida, da asuba bayan an fito masallaci, muka hangi Kawu ya fito da tsohon bokitin shanunsa. Ya je gun tantan, ya shafa mata wuya, ya buɗe murfin da ya fi kusa da hannunsa, ya tsiyaya mata ruwa a hankali, ya rufe, ya koma gida. Ya taɓa jin Audu yana gaya wa direban da aka ɗauka wa tantan kada ya bari ta fita ba ruwa, ba wanda ya nuna masa cewa murfi biyu ne, na lagireto daban, na mai daban. Mutumin da ya shekara hamsin yana shayar da abin da ke masa huɗa ba zai iya karya kumallo ya bar na ƙofar gidansa da ƙishi ba. Na ji tausayinsa har na kasa kallo. Audu ya riƙe mini hannu ya ce, "Bawana, ba ka ga komai ba."

Ranar da aka taru a zauren Kawu don a yanke shawarar zuwa gun dagaci, Audu ya durƙusa daga bakin ƙofa ya ce a dakata. Ya ce laifinsa ne. Ya ce ya sayi gas mai araha a bakin hanya, ya yi ganda bai tace ba. Aka yi masa ca. Wani ya ce ashe tace-tacen nan duk na ganin ido ne. Wani ya ce shi ya raba su da shanunsu, shi kuma ya kashe musu abin da ya maye gurbinsu. Kawu da kansa, bai san komai ba, ya dube ni ya ce, "Gaya wa taubashinka ya ba ni kunya." Na gaya masa, don aikina ke nan, amma ban taɓa kai saƙon da ya yi mini nauyi kamar wannan ba.

Washegari ya kwance famfon Dattijuwa. Ya wuni yana daidaita shi a jikin tantan, yana saurare, yana sake kwancewa, har ta tashi. Ya kori direban ya hau da kansa, ya bi gonakin ɗaya bayan ɗaya, tasu ce ta ƙarshe. An makara, amma an yi shuka, kuma da kaka kowa ya sami abin da ya sa a rumbu. Dattijuwa kuwa ta zauna a kan duwatsu gindin tsamiya har damina biyu, kaji na ƙwai a ƙarƙashinta. Masu ba shi lodi suka koma wa wasu. Direbobi suka riƙa wuce garejin suna tambayar yaransa ko yau ruwan na rijiya ne ko na kogi. A nan sunan Audu Ruwa ya samo asali. Ya koma yawo ƙauyuka a kan keke da jakar sifanu, yana gyara injin niƙa.

Saura abu guda, Kawu bai daina fitowa da bokiti ba. Da farko Audu ya riƙa ɗaure murfin tankin da waya, amma ya san ba dabara ba ce mai ɗorewa, kuma bai so ya hana tsohon abin da ke fito da shi da safe. Sai ya aike ni. Na sami Kawu na ce, taubashina ya ce tun da shi ya nuna ba shi da kula, yana roƙo Kawu ya karɓi shayar da tantan, don ba wanda ya kai shi sanin wannan aikin. Na kai shi gabanta, na buɗe murfin lagireto na ce, "Kawu, ga inda take sha." Ya dubi murfin. Ya juya ya dubi ɗayan, wanda aka ɗaure da waya. Ya daɗe a tsaye. Sannan ya karɓi murfin daga hannuna ya ce, "To, na ji." Tun daga ranar shi yake duba mata ruwa, kuma ba ta taɓa fita da ƙishi ba.

Na sha ce wa Audu ya bar ni in faɗa, ko don 'ya'yansa da ake tsokana. Yakan ce sunan ma ya fi na da tsabta. A ciwonsa na ajali na sake tambaya, ya ce in bari sai ranar da ba sauran wanda zai tuna Kawu ya yi dariya. Bara aka binne na ƙarshe cikin waɗanda suka zauna a zauren nan, in ban da ni. Jikokinsu yanzu wasu ta waya suke kiran mai tantan, wasu kuma tsadar gas ta mai da su ga shanu, abin da na san da Audu ya gani sai ya ce in je in ba Kawu haƙuri a madadinsa.

In na auna abin da ya bari, ba shi da yawa a ido. Dattijuwa ta tashi daga baya, ta yi 'yan shekaru, 'yan gwangwan suka yanka ta. Tantan ma haka. Cikin 'ya'yansa ba wanda ya gaji sifana. Abin da ya rage shi ne wani tsoho ya ƙarasa kwanakinsa ana miƙe masa in ya shigo zaure, ana kawo masa shawara, ba wanda ya taɓa nuna shi da baki. Audu ya sayi wannan da motarsa da sunansa, bai kuma taɓa nuna ya yi asara ba. Ina kewarsa ƙwarai, har da baƙin hannun nan da yake goga mini a farar riga da gangan.

Kawu ya riga shi tafiya da shekaru. A kwanciyarsa ta ƙarshe muna zaune a ɗakinsa, ni a gefen gado, Audu can bakin ƙofa inda ya saba zama. Kawu ya kamo hannuna, idonsa na kan rufin ɗaki, ya ce, "Gaya wa taubashinka na san inda na zuba ruwan nan."

Na juya. Audu na kallon ƙasa, hawaye na bin gemunsa. Ya ce, "Ka ce masa ban san ruwan da yake nufi ba."

Na buɗe baki zan isar, Kawu ya matse mini hannu ya ce in bari, ya ji da kunnensa. Sannan ya juyar da kai wajen ƙofa, ya ce, "Audu, matso kusa."

Allah ya haskaka kabarin uban da ɗan, ya sa mu ma mu sami mai rufa mana asiri.