Muryar Inna a Bayan Zana

Ni ce 'yar fari a ɗakinmu, saboda haka na girma ban taɓa jin sunana a bakin Inna ba. In za ta kira ni sai ta ce "ke", in tana zancena da mutane ta ce "waccan". Ranar da aka gaya mata na zama malamar lakwal, wato makarantar boko, cewa ta yi to, ta ci gaba da tankaɗe. Abin bai taɓa damuna ba, haka na ga iyaye mata suna yi a Dungas.

Taubashina, ɗan Gwaggo, yana gyaran waya a kasuwar Magarya, kuma ba ya zuwa gidana sai da abin tsokana. Ran nan ya sauka daga moto, babur ɗinsa ke nan, ya fito da wani ɗan akwati baƙi kamar kwalin ashana, ya ce sunansa ampili, mai ƙara wa sauti ƙarfi. Igiya ɗaya a soka wa waya, ɗaya a soka wa kas, abin sauraren nan da ake kifawa a kunnuwa, ga ɗan maɓalli da ake murzawa. Wai ya ara mini ne don kunnen ƙauye ya san daɗi. Na ce ya ajiye ya kama gabansa.

Da la'asar na zauna gindin dalbejiya na gwada. Waƙar da na daɗe da haddacewa ta zama sabuwa. Ganga na dukana a ƙirji, har jan numfashin mawaƙin ina ji. Na yi ta canza waƙoƙi ina dariya ni kaɗai.

Sai na tuna da kiɗan ƙwaryar da aka yi ranar sunan 'yata. Ƙanwata ce ta rataye wayata a jikin zana ta ɗauka, amma duk sanda na kunna, hayaniya kawai nake ji. Na nemo shi, na murza maɓallin. Ga ƙwarya, ga guɗa, ga kukan akuyar maƙwabta, kowanne daban. Can ƙarƙashinsu kuma na ji mata biyu suna hira a bayan zanar. Ɗaya baƙuwa ce daga Mallawa, tana tambayar wace ce mai jegon. Ɗayar Inna ce.

Ta faɗi sunana. Ta faɗe shi ɓaro-ɓaro, har da ɗan jan ƙarshensa. Sannan ta rage murya ta ce, "Ita ce babbata. Tun tana ƙarama kanta ke ja. Yanzu in ta shiga aji, yara miƙewa suke. Kuma kar ki gaya wa kowa, miyar kukarta ta fi tawa."

Ban san sanda na miƙe ba. Igiyar ta fizgo waya ta faɗi cikin rairayi, ni kuwa ina ta juyi a tsakar gida da kas a kai. Maigidana ya fito da gudu yana tambayar ina kunamar ta harbe ni. Na kifa masa ya ji, na ƙwace na sake ji, na kira maƙwabciyata ta katanga ita ma ta ji. Daga nan na zura takalma wari da wari na nufi gidan Gwaggo.

Gwaggo ta saurara har ƙarshe, ta yi dariya har da tari, ta jawo mayafinta ta ce mu je.

Mun tarar da Inna tana ɓarar gyaɗa. Gwaggo ta ce mata wani wa'azi ne mai kyau aka turo, ta kifa mata kas a kan ɗankwali. Na raɓe jikin rumbu ina cizon bakin mayafi. Da farko Inna tana gyaɗa kai da kiɗan, sai hannunta ya tsaya cikin faifai. Ta cire abin a hankali ta ajiye nesa da ita.

Ta ce, "Wannan ba muryata ba ce."

Gwaggo ta tambaye ta ko ta wace ce. Inna ta ce kayan zamani babu abin da ba za su ƙaga wa mutum ba. Dariyar da nake riƙewa ta ƙwace, na durƙushe a ƙasa. Inna ta ɗebi ɓawon gyaɗa ta watso mini ba tare da ta dube ni ba, ta ja gyale ta rufe fuska, amma muna ganin kafaɗunta suna rawa.

Da muka tashi tafiya ta cika mini kwano da gyaɗa, ta rako mu har zaure, abin da ba ta saba ba. A nan ta riƙo hannun Gwaggo ta tambaye ta ƙasa-ƙasa ko zancen miyar ma ya shiga. Gwaggo ta ce ya shiga tsaf. Inna ta ce to wannan kam ta janye shi, sauran a bar shi yadda yake.