Malam Haladu da Aiken Inno

In ka ji ana cewa Dakta Haladu Roni, to ni Haladu kawai na sani, ɗan maɗinki, wanda muka zauna ɗaki ɗaya shekara biyar a kwalejin horon malamai. Siriri ne, ga tambayar tsiya. Tun muna ɗalibai, in ya ga yaro na kuka a hanya sai ya tsuguna ya ji dalili, mu kuwa muna tsaye rana na dukanmu. Muna aji biyu aka ba da 'yancin kai. Da muka gama ya koyar shekara shida a Babura, daga nan karatu ya ja shi jami'a, can ya zauna har ya yi furfura. Fanninsa shi ne yadda ƙwaƙwalwar yaro take aiki, musamman in ciwo mai zafi ya taɓa ta. Ya yi rubuce-rubuce, ya yaye ɗalibai ba iyaka, har akwai wani gwajin yara da ɗalibansa ke kira da sunansa. Ni dai na san inda gwajin ya samo asali, don a gabana aka yi, kuma ni na sha kunya.

Shekarar da aka buɗe firamare kyauta ga kowa, kuɗin fetur na ta yawo a ƙasa, ina hedimasta a wani ƙauye a ƙasar Gwiwa. Yara sun yi mana yawa, benci ɗaya mutum biyar. A bazarar da ta gabata sanƙarau ya ratsa yankin. Cikin waɗanda suka kwanta har da Shatu, 'yar shekara takwas, 'yar farin wani makiyayi mai suna Hamma. Allah ya tashi kafaɗunta, amma ba Shatun da na sani ce ta dawo ba. Da, kafin ka rufe baki ta ɗaga hannu. Yanzu a kira ta shiru, a yi tambaya ta zuba wa allo ido. Ni kuwa haƙuri bai ishe ni ba, kowa ya shaida. Na yanke cewa ciwon ya taɓa mata kai, ran Juma'a zan soke sunanta in ba wani gurbin.

Ran Laraba sai ga Haladu a kan babur, ya ɗauro akwati, wai yana binciken yaran da suka tashi daga sanƙarau. A cikin akwatin akwai 'yan katakai masu launi, da hotuna, da agogon auna lokaci, da wani littafin tambayoyi na Turawa da ya mayar Hausa da kansa, yana ji da shi kamar sabuwar riga. Na ce ya zo a daidai, ya gwada mini Shatu in samu hujja.

Aka kira uban, ya zauna a bakin ƙofar ofis da sandarsa. Haladu ya ja kujera ya zauna a hagun yarinyar, ya danna agogo. Tambayar farko a littafin ita ce ta faɗi sunan ubanta. Jama'a! 'Yar Fulani, uban na zaune, ta kama sunansa? Wannan ko Haladun da can ya sani, amma boko ya sa ya manta. Ta sunkuyar da kai, ba ta sake ɗagowa ba har aka gama. Ba ta ci ko ɗaya ba. Ya juya ya tambayi Hamma yadda take a gida. Hamma ya kawar da kai ya ce shanu lafiya lau, don mutum ba ya zancen 'yar farinsa a gaban mutane. Allah ya yafe mini, daɗi na ji, na ce to ga ilimi ma ya goyi bayana.

Haladu bai gamsu ba. Ya ce in ba shi zuwa Juma'a, kuma sai na raka shi rugarsu. Na bi shi washegari ina ta mita a bayan babur.

Muka tarar da kakar Shatu, Inno, tana gyaran ƙwarya. Bayan mun durƙusa mun gaishe ta, Haladu ya zayyana mata akwatinsa da sakamakonsa. Tsohuwar nan ta yi dariya har da hawaye. Ta ce ita ta haifi tara, ta yi rainon jikoki ashirin, ba ta taɓa auna hankalin yaro da katako ba, aike ake yi masa. Ta kira Shatu, ta dafa kafaɗarta, ta juyo da ita, ta yi mata magana a hankali. Ta ce ta je wurin Adda ta karɓo rariya, ban da mai ɓuli. Ta biya ta gaya wa Kawu kada a fita da jar saniyar nan mai ɗingishi. A dawowa ta karɓo kanwa a bukkar ƙarshe, in ba kowa kada ta ɗauka.

Haladu ya danna agogonsa a ɓoye, na harare shi. Ba a jima ba sai ga ta da rariya mai kyau. Ta durƙusa ta ce Kawu ya ji, ya ce ma ƙaya ce ya riga ya cire. Kanwa kuma ba ta samu kowa ba, ta ga inda take amma ta bari. Ko ni da nake hedimasta, wallahi da na manta saniyar.

Haladu ya ce, "Inno, don me kika juyo da ita kafin ki yi magana?"

"Ai kunnen hagun ya mutu tun ciwon, ɗan nan. Da na dama take ji."

Na kasa daurewa na ce don me ba a gaya mana ba.

Ta dube ni sama da ƙasa. "Malam, wa ya tambaye ni?"

A aji, ni da hannuna na zaunar da Shatu a ƙarshen benci, kunnenta mai ji yana manne da bango, mataccen yana fuskantar malami. Wata huɗu tana haka ina ce mata doluwa a raina. Haladu kuwa murna ta kama shi, ya zauna a ƙasa da fararen kayansa yana ta rubuta yadda Inno ke jera aike: guda nawa, wanne ke da sharaɗi, wanne ke da tarko. Ta ba shi fura ya sha, ta ce ya rage gaggawa in yana tambayar yara, kuma ya kori iyayensu waje tukuna. Abin da ya gina aikinsa na shekara talatin a kai ke nan.

Ran Juma'a ban soke komai ba. Na sa aka mayar da Shatu ɗaya gefen ajin, na shiga da kaina na ba da lissafi. Ban gama rubutawa ba hannunta na sama. Don tsananin daɗi sai na daka wa sauran tsawa su yi koyi da ita.

Da aka tashi ta tsaya a bakin ƙofa tana murza gefen mayafinta. Na sunkuya ta damanta na ce mene ne.

"Malam, Lauwali ma yana ji in an matsa kusa."

Lauwali ɗan maƙwabtansu ne. Shi ma ya yi sanƙarau, kuma tun wata biyu da suka wuce na soke sunansa ba tare da na tambayi kowa ba. Ko gida ban shiga ba, na ɗauki kekena na ce ta hau baya ta nuna mini hanya.