Ranar da Inna Ta Zaga Sallama

Mahaifiyata, wadda muke ce wa Inna, ba ta taɓa kwana a wani gari ba sai ta bi gida-gida ta yi sallama. Ko biki za ta je Kudan, sai ta yafa mayafi tun la'asar ta zaga ƙauyenmu kaf, ta faɗi inda za ta da abin da zai kai ta, sannan ta ce a yafe mata. Muna yara abin dariya yake ba mu. Yayana yakan ce Inna tana shirin Kudan kamar mai shirin Makka. Ita ko a jikinta. Ban taɓa zaton wannan ɗabi'a tata za ta zame mana abin kuka ba.

Ƙauyenmu yana gefen Taba, gonakin rake sun kewaye shi. Inna ce ungozomar garin. Da wuya ka nuna matashi a can wanda ba ita ta yanke masa cibi ba, kuma in an haihu ita ke zuwa safe da yamma ta wanke jariri har a yi suna. Ba ta da dukiya, ba ta yi boko ba, amma in ta shiga gida har maza sukan rage murya.

Wata rana tana dawowa daga kasuwar Maƙarfi ɗan acaɓa ya zubar da ita, ƙugunta ya goce. Mai ɗori ya yi nasa, ƙashi ya kama, amma ciwon ya ƙi tafiya. Ungozoma kuwa aikinta duk a durƙushe ne. Wani mai kemis ya ba ta tramol, ta sha, ta ji ta wasai, ta yi ta sa masa albarka. Sunan da ta raɗa wa ƙwayar shi ne maganin ƙuguna, kuma a haɓar zaninta take ƙulle ta, inda a da take ƙulle goro.

Ni ina Ikara, can nake aure, ina koyarwa a firamare. Ban gane abin da ake ciki ba sai da ta zo mini kwana, maganin ya ƙare mata. Ta wuni tana hamma, hanci na zuba, gumi ya jiƙe mata riga, ta kasa zama ta kasa tsayuwa. Na ce zazzaɓi ne. Ta daka mini tsawar da ban taɓa ji daga bakinta ba, wai in aika a sayo mata maganinta in daina yi mata surutu. Aka sayo, ta haɗiya, kafin in sauke tukunya ta dawo Innata, har tana yi wa yarana wasa. Na shiga ɗaki na zauna a bakin gado.

Da ƙyar na lallaɓa ta muka je wajen likita a Zariya. Ya yi mana bayani a tsanake, bai ɗaga mata murya ba. Ya ce jikinta ya riga ya saba, yankewa kwatsam haɗari ne, sai dai a riƙa ragewa a hankali. Ya ce hanya biyu ce. Ko ta zauna a gida, wani ya riƙe maganin yana ba ta abin da aka ƙayyade, muna kawo ta ana duba ta. Ko kuma a kwantar da ita a wani asibiti a Kaduna na wasu makonni, inda ba abin da zai shiga bakinta sai da saninsu.

Yayana, wanda yake zaune gida ɗaya da ita, ya ce ko kusa. Asibitin da ake magana, a ƙauyenmu sunansa ɗaya ne, asibitin mahaukata. Ya ce shi yana da 'yan mata a gabansa, ba zai bari a riƙa nuna su ana cewa ga jikokin wadda aka kai can ba. Na ce to ya bari a riƙa cewa ga jikokin 'yar ƙwaya. Ni bakina ba ya da linzami in raina ya ɓaci. Mun yi kwanaki ba ma gaisawa, amma shi ne babba, maganarsa ta ci, aka ce a gwada a gida.

In faɗi gaskiya, ya yi ƙoƙari. Ya kulle maganin a akwatinsa, yana ba ta yadda likita ya ce, ya haɗa mata da rubutu. Inna ta kwanta, gaɓoɓinta na ciwo, abinci ya ƙi shiga. Sai dai a ƙauye ba a kwanciya a ɓoye. Da aka ji ungozoma ba lafiya, mata suka yi ta tururuwar dubiya, wannan da kunu, wannan da fura, ɗakin ba ya rabo da mutane. Wa zai tsaya a ƙofa yana caje masu dubiya? Bayan 'yan kwanaki sai ga Inna ta miƙe garau tana shara. Yayana ya kira ni a waya yana murna, wai rubutu ya ci. Ni na san ba rubutu ba ne. Mun sake gwadawa bayan sallah, abin da ya faru shi ya sake faruwa, kuma har yau ba ta faɗa mana ta hannun wa maganin yake shigowa ba.

Daga nan yayana ya saduda, ya ce in yi yadda na ga dama. Na zo da dabarata a shirye. Na ce da Inna za mu fita da sassafe, a ce ta tafi wurina Ikara hutawa, daga can mu wuce Kaduna, ba wanda zai sani.

Ta dube ni ta ce, "Ke, sata na yi da zan sulale?"

Na ce, "To ki yi sallamar, Inna. Ki ce za ki je a duba miki ƙugu."

"In ce a yafe mini, da ƙarya a bakina? In na mutu a can fa, wace yafiya ke nan?"

"To ki faɗi gaskiya."

Ta murza bakin tabarma, can ta ce, "In na faɗa, wa zai ƙara miƙo mini ɗansa?"

A nan muka maƙale. Ba za ta tafi ba sallama ba, ba za ta yi sallama da ƙarya ba, gaskiyar kuma ta fi ƙarfinta. Na yi lallashi, na yi faɗa, na yi kuka, na yi fushi na daina zuwa, na sake dawowa don kaina. Damina ta shigo ta yi nisa muna nan jiya i yau. Inna tana ramewa, idanunta sun faɗa, tana cikin magana sai ta yi gyangyaɗi. Duk lokacin da wayata ta yi ƙara na ga yayana ne, sai na yi salati kafin in ɗauka.

Ana cikin karyar masara abin ya faru. Inna ta je wankan wani jariri ɗan kwana uku. Ta zauna a kan kujera 'yar tsugune, ta ɗora shi a cinya, ga bahon ruwan ɗumi a gabanta. Barci ya fizge ta. Yaron ya zame, kakarsa ce ta cafe shi kansa na dab da ruwa. Kakar ta ƙarasa wankan da kanta, ta ce, "Gajiya ce, je ki huta." Inna ta dawo gida ta sa yayana ya kira ni. Abin da ta ce kawai, "Ki zo ki raka ni sallama."

Na je washegari. Bayan la'asar ta yi wanka, ta ɗaura zaninta na zuwa suna, muka fita, tana ɗingishi ina biye. Muka shiga gidan farko. Aka shimfiɗa mana tabarma, aka gaisa, aka tambayi gida da yara da amfanin gona, aka sake gaisawa. Sannan Inna ta sunkuyar da kai ta ce, "Gobe zan tafi Kaduna asibiti. Maganin da nake sha don ƙuguna ya kama ni, na kasa bari. Ƙwaya ce. Abin da na yi muku, wanda na sani da wanda ban sani ba, ku yafe mini."

Na jira salati, na jira a dafe ƙirji. Uwargidan ta ce, "Allah sarki. Ai gara haka. Allah ya sa a dace. Ba ki yi mana komai ba sai alheri." Ko gira ba ta ɗaga ba.

Gida na biyu haka, na uku haka. A wani gidan ma wata tsohuwa cewa ta yi, "Mun daɗe muna yi miki addu'a." Sai a lokacin na fahimci garin nan kaf an sani, an daɗe da sani. Abin da Inna ta yi ta ɓoyewa, har ta gwammace ta ƙare a tsaye da ta furta shi, kowa yana riƙe da shi a cikinsa yana gaishe ta. Ban san ko in gode musu ko in zage su ba. Haushi ya cika ni, na kuma ji tausayinta ya rufe ni, don na ga yadda take ƙanƙancewa daga wannan gida zuwa wancan. Da sun yi mamaki da ya fi mata sauƙi.

Gidan da ta bari a ƙarshe na aminiyarta ne, wadda muke kira Gwaggo. Tare suka yi 'yanmatanci, aure ya kawo su gari ɗaya. Gwaggo ba ta da ɗa a raye, mijinta ya rasu, tana zaune a ɗaki ɗaya a gidan ɗan ƙanin mijin. Da aikatau take ci, ɓarar masara da rana, tsinkar barkono a gonakin mutane, ga ta da tsufa. Inna ta maimaita mata abin da ta faɗa a sauran gidaje. Gwaggo ta kama hannunta suka yi kuka tare, ita kaɗai ce ta yi kuka a duk zagayen. Na ce a raina, ga dai mutum ɗaya.

Ta rako mu har zaure. Na yi gaba kaɗan, sai na ji Gwaggo ta rage murya.

"Maganin da ya rage miki fa? Tunda can ba za su bar ki da shi ba."

Na juyo. Inna ta tsaya tana kallonta, Gwaggo tana kallon ƙasa. Sai Inna ta kwance haɓar zaninta, ta juye abin da ke ciki a tafin Gwaggo, ta naɗe mata yatsu a kai.

Ban iya haƙuri mun kai gida ba. A bakin gonar rake na tare ta, na ce, "Inna, wannan wane irin abu ne? Gubar da za ki je a cire miki, ita kika ba aminiyarki? Da kin ba ni na watsa a masai."

Ba ta yi fushi ba. Ta ce, "Kin ga yadda nake zama in babu."

Na ce na gani.

"To gobe da safe haka za ta tashi, kuma sai ta je gona kafin ta ci. Ni ina da ke. Ita wa zai kai ta Kaduna?"

Ni da ba a kayar da ni a magana, haka na bi ta har gida.

Da safe motar da yayana ya samo ta tsaya a bakin hanya, za ta kai mu Maƙarfi mu hau ta Kaduna. Inna ta tashi jiki ba daɗi, hamma ta fara, tana goge hanci da gefen mayafi. Yayana ya ba ta ɗan abin da likita ya ƙayyade don ta iya zaman mota. Mata suka fito rakiya, suna tafe a hankali saboda ita.

Sai ga Gwaggo ta taho da sauri, fuska a sake, ido tar. Ta fizge jakar Inna daga hannuna ta ɗora a ka, ta wuce gaban kowa, tana zuba addu'a da ƙarfi, tana tsokanar direba wai ya riƙe mata ƙawa da kyau. Wata mata ta ce, "Kai, tsohuwar nan akwai ƙarfi, Allah ya ba mu irin tsufanki." Aka yi dariya, aka ce amin.

Inna ba ta yi dariya ba. Ta shiga mota ta zauna, na zauna kusa da ita. Da muka tashi na waiwaya, sauran matan sun fara juyawa gida, Gwaggo na tsaye a tsakiyar hanya tana ɗaga mana hannu biyu. Inna ta ja mayafi ta rufe fuskarta, har muka kai Maƙarfi ba ta buɗe ba.